Igiyar Yayana Ba Birkin Mota Ba Ce

Zuwa ga mai girma Wakilin kamfanin sayen gyaɗa da ke Gumel, ma'abocin babbar motar nan mai kukan jaki da warin kananzir.

Bayan gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka da ta iyalinka da ta buhunanka, ina neman izini in kawo kuka. Na sa a karanta takardar nan a kasuwar Gagarawa da ta Maigatari kafin ta iso hannunka. Ba raini ba ne. A bainar jama'a aka yi ɓarnar, a nan kuma ya kamata a fara gyara.

Ni ne ƙanen Ilu makaho, mai tufkar igiya a gindin tsamiyar da ke bakin rijiyar Gagarawa. Na yi karatu gwargwadon hali, na san labarin jiragen ruwa da giwayen yaƙi na mutanen dā, amma ban taɓa cin karo da babin da aka ɗaure ƙarfe da rama aka ce ya tsai da dutse mai gudu ba. Wannan ilmi sai a wurin direbanka.

Na farko. Ranka ya daɗe, motarka ta jima tana faɗin ciwonta. Tun farkon kaka, in ta doso gari sai a ji ƙarfe yana cizon ƙarfe, direba yana taka birki iya ƙarfinsa, ita kuwa tana tafiyarta kamar ba da ita ake ba. In za ta tsaya sai ta nemi rairayi mai zurfi ta tsunduma. Har mun saba. Da an jiyo ta, mata su kwashe tallansu, a kore awaki, liman ya gajarta sura.

Na biyu. Wata ranar kasuwa direban ya shiga ƙarƙashinta, ya fito baƙi ƙirin, ya ce ƙusar da ke haɗa sandar birki da ƙafafun baya ta karye ta faɗi a hanya. Maƙerin garinmu ya ce a ba shi zuwa la'asar ya ƙera wata. Direba ya ce gyaɗar Bature ba ta san la'asar ba. Sai ya nufi yayana ya ce, Baba, ba ni igiyar da ta fi kowace ƙarfi. Bai faɗi abin da zai yi da ita ba. Yayana ya laluba ya ɗauko irin wadda masu haƙar rijiya ke ɗaurawa a ƙugu su sauka, ya miƙa masa hannu bibbiyu. Ranar ya wuni yana gaya wa duk wanda ya zo ɗiban ruwa wai igiyarsa ta riga shi zuwa Kano.

Na uku. Igiyar nan ta yi abin da ba a taɓa roƙon igiya ba, don da ita direba ya ɗaure sandar birki a madadin ƙusa. Ta je Kano ta dawo, ta sake zuwa, tana shan baƙin mai, ƙarfe mai zafi yana gurzar ta. Ran da ta tsinke, a gangaren rijiya ne. Motar ta bi ta kan wani sa na Ardo Buba da ke jan guga, ta karya wa Ardo ƙafa, ba ta tsaya ba sai da tsamiya ta tare ta. A wurin aka yanka san. Direbanka ya sauko, ya zaro guntun igiya ya ɗaga sama, ya ce wa jama'a ga mai laifi, ruɓaɓɓiyar igiya makaho ya sayar masa. Yayana yana zaune a wurin. Ba ya gani, amma kunnensa lafiya lau.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin kukana. Ardo yana jinya, ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Amma maganar direba, da yake ita ma ba ta da birki, ta riga motar isa Sule Tankarkar. Masu haƙar rijiya da suka yi shekaru suna rataya rayukansu a tufkar yayana yanzu Maigatari suke zuwa saye. In sun wuce ƙofar gida sai su gaishe shi da sauri. Ban zarge su ba. Kowa ransa guda ne.

Tun ranar bai sake tufka ba. Yana zaune a zaure yana warware igiyoyin da ya riga ya gama, sili-sili, yana bin su da yatsa yana neman inda ya yi ha'inci. Na zauna na yi masa bayani da hujjoji masu nauyi. Ya ce, kai Malam, tafi da karatunka, kai ido ka sa, ni hannuna ne ya yi aikin, shi zan tambaya. Matarsa Gambo takan ajiye masa tuwo, ta dawo ta tarar ya sandare a akushi. Mutumin nan agana ta ɗauke masa ido tun yana ƙarami, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba sai da igiya a ciki.

Ga roƙona. Maganar san da aka yanka da ƙafar da ta karye tsakaninka da Ardo ce da Mahaliccinku. Ni dai a sa wa motar ƙusa ta ƙarfe kafin ta sake taka hanyarmu. Direba kuma ya zo ranar kasuwa, ya tsaya inda ya tsaya, ya faɗi gaskiya da muryar da ya yi waccan magana da ita. Sannan ɗaya guntun igiyar yana nan maƙale a ƙarƙashin motar, na leƙa na gan shi. A kwance shi a sa wa yayana a hannu, ya shafa bakin da kansa, ya ji yankan ƙarfe ne da ƙuna, ba ruɓa ba. Ba zai yarda da ni ba, ba zai yarda da kai ba, amma zai yarda da yatsunsa.

A hanzarta, ranka ya daɗe. Igiyoyin da bai warware ba saura kaɗan, ban kuma san abin da zai yi da hannuwansa in sun ƙare ba.

Allah ya ja zamaninka, ya albarkaci cinikinka, ya sa motarka ta riƙa tsayawa inda aka nufa, ya kuma tsare ka daga ranar da za a ɗaga aikin hannunka a kasuwa a kira shi ruɓaɓɓe.

Wassalam.

Malam Ɗanjuma, ƙanen Ilu mai igiya, Gagarawa.