Hawayen Barkono Kuka Rataye a Bangon Abuja

Zuwa ga
Mai girma Shugaban ƙungiyar da ta turo mana mai ɗaukar hoto bara,
Abuja.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya.

Sunana Malam Garba, tsohon hedimastan firamare a Birnin Tsaba, ƙasar Zurmi. Ban kama sunanka ko na ƙungiyarka a wannan takarda ba, kuma ba tsoro ya hana ni ba. Ni na ga abin da kama sunan mutum a bainar jama'a ke jawo masa, shi ya sa nake yi muku karar da ba ku yi mana ba. Kun dai san kanku. Sau biyu ina rubuto muku a rufe, to ga ta uku a buɗe.

1. Bara, an gama yankan gero, dawa ba ta kai ga nuna ba, ma'aikacinku ya sauka garinmu da takardarku a hannu, kyamara biyu a wuya, da wata riga mai aljihu ya fi goma. Mai gari ya ce a kawo shi gidana, tunda ina jin Turanci kuma ina da ɗakin baƙi. Bahaushe ne ɗan birni. Hausarsa ta ɗan yi tsatsa, amma ba ta mutu ba, don bai taɓa kuskuren gane kiran cin abinci ba. Ya ce mini ya zo ne ya nuna wa duniya cewa mu ma mutane ne. Na yi masa godiya, ko da yake ban san an taɓa gardama a kan haka ba. Kwana tara ya yi a gidana. Maiɗakina ta ba shi tuwon gero, ta dama masa fura da nonon da ta aika aka sayo musamman dominsa.

2. Kada ka ce ina ɓoye halin da muke ciki. Duk wanda ya ji an ce Zurmi ko Shinkafi ya san abin da ke fara zuwa masa a rai. Ƙanena Isa a gonarsa aka ɗauke shi, yana tsakiyar maimai, kuma har yau ba mu ga ko takalminsa ba. Akwai gonakin gadonmu da ba mu isa mu taka ba. Da wannan gaskiyar ma'aikacinku ya ɗauka, da ban ce uffan ba, don ta ishi kowace kyamara. Amma shi ba ta ishe shi ba.

Na kai shi maƙera, inda ake ƙera fartanya da lauje har gobe. Na kai shi gidan matan da ke matsar man gyaɗa. Na kai shi makarantar da na bari, ya ga malamai suna koyarwa a ajin da iska ta yaye rabin rufinsa. Duk ya kalla yana hamma. Ranar Juma'a mutane suka fito da wanki da guga, sai ya rufe kyamara, ya ce mini, "Baba, ba yau ba, sun yi tsabta da yawa." A gabana ya roƙi wani dattijo ya cire agogo da takalmi kafin ya ɗauke shi. Akwai garun garken awakina da ruwan damina ya kayar. Rabin wuni ya yi a gabansa, ya kwanta, ya tashi, ya durƙusa. Daga baya na ga garun nan a cikin hotunanku, an rubuta wai gida ne da aka kori mutanensa. Ranka ya daɗe, ina farin cikin shaida maka cewa mutanen gidan suna nan lafiya, na mai da su bayan ɗaki, biyu ma sun haihu.

Wannan duka da dariya za mu yi, mu ce shirmen ɗan birni ne. Abin da ya biyo baya shi ne ba na dariya ba.

3. Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya, sunanta Tumba. Mijinta ya daɗe da rasuwa. Da yaji da daddawa ta reni ɗanta guda ɗaya, Lawali, har ya zama direba, yana jan motar wani mutumin Kaura tsakanin Kaura da Zurmi da Shinkafi. A kwanakin da baƙonku ke gidana ne matar Lawali ta haihu, haihuwar fari bayan shekara shida ana jira. Duk gidan murna ake yi.

Kwana uku da haihuwar, da hantsi, na bi da baƙonku ta ƙofar gidan don in yi barka. Muka tarar da Yaya Tumba a zaure, ta sa turmi a gaba, tana dakan yajin jego: barkono, citta, kanumfari, masoro. Duk wanda uwa ta haifa a ƙasar Hausa ya san abin da dakan barkono ke yi wa ido. Hawaye na zuba, tana sharewa da bakin mayafi, tana atishawa, tana yi mana dariya. Nan take mutumin da ya kwana shida yana hamma ya farka. Ya ce ta daina dariyar, ta ɗan kalli ƙofa. Ita kuwa, ganin baƙon ƙanenta ne, ta yi. Ya tambaye ta ina ɗanta. Ta ce, "Ya shiga daji tun da sahe."

Ya shiga daji, ranka ya daɗe, shi da maƙwabta huɗu da amalanken aro, don yo itacen da za a dafa ruwan wankan jego. Da bakina na yi wa ma'aikacinku wannan bayani a wurin, da Hausa, na sake yi masa da Turanci. Da la'asar Lawali ya dawo da itace, ya durƙusa ya gaishe shi. Ranar da baƙon naku zai tafi, Lawalin nan ne ya ɗauke shi zuwa Kaura, ya ba shi gidan gaba shi kaɗai saboda jakunkunansa. Awa guda da wani abu suna hira a mota. Don haka kada kowa ya zo mini da zancen rashin fahimta.

4. Bayan wata huɗu, wata tsohuwar ɗalibata da ke aikin jinya a Abuja ta turo mini hoto a waya. Ta je wani baje kolin hotuna da kuka shirya, ta ga fuskar da ta sani. Yaya Tumba ce, an girmama hoton ya kusa tsawon ƙofa. An yanke turmi, an yanke taɓarya, saura fuska da hawaye. A ƙasa an rubuta sunanta da sunan garinmu, da cewa uwa ce tana kukan ɗanta da ya shiga daji ya bi 'yan bindiga.

Kafin in gama tunanin yadda zan ɓullo wa abin, wani ya riga ya fassara rubutun, ya watsa shi a wayoyi. Wani kuma ya nemo hoton Lawali ya liƙa a gefe. Ku a Abuja hoto abin kallo ne, a sha lemo a tafa. A nan hoto irin wannan hukunci ne.

Wata Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, Lawali ya cika motarsa zai taso. Wani fasinja ya dubi wayarsa, ya dubi direba, ya miƙa wa na kusa da shi. Ɗaya bayan ɗaya suka fita, har da wata mata da ta janye buhun albasarta da kanta don kada ya taɓa. A daren bai kwana da makulli ba, mai mota ya karɓe. Bayan kwana biyu wasu 'yan sa-kai na wani ƙauye, waɗanda ba su san shi ba, suka tare shi a hanya. Kwana huɗu yana hannunsu. Sai da mai gari da liman da ni muka bi sawu, muka yi rantsuwa da Alƙur'ani, sannan suka sake shi. Ya dawo hannunsa na dama a karye wuri biyu. Maɗori ya yi nasa, asibiti a Kaura sun yi nasu, amma har yau yatsunsa ba sa dunƙulewa, balle ya riƙe sitiyari. Direban da fasinjoji ke jira su shiga motarsa saboda natsuwarsa, yanzu rake yake sayarwa a bakin hanya, kuma sai wani ya fere masa.

Ban wanke waɗanda suka dake shi ba, su da Allah. Amma su mutane ne da suka binne 'yan'uwansu, zuciyarsu na tafasa, suna neman wanda za su kama. Ku ne kuka miƙa musu suna da gari, a rubuce, da tambarin ƙungiya mai ofis a Abuja.

Yaya Tumba kuwa ta daina zuwa suna da biki. Matan da suka shekara talatin suna sayen daddawarta, wasu sun koma wani gida. Idan ta ga an ɗaga waya, ko da kira za a amsa, sai ta ja mayafi ta rufe fuska. Ranar da aka dawo da Lawali ta dube ni ta ce, "Garba, mi munka yi ma wanga baƙo naka?" Ni na kai shi ƙofarta.

5. Yanzu ga yadda kuka karɓi kukanmu. Na kira ma'aikacinku a lambar da ya bar mini. Ya saurara, sannan ya ce, "Baba, kada ka ɗauki abin a kan mutum ɗaya, hoton yana wakiltar duk iyayen yankin ne." Madalla. Sai dai da aka zo karya hannu, ba na duk 'ya'yan yankin aka karya ba, na mutum ɗaya aka karya. Daga ranar bai ƙara ɗaukar wayata ba.

Na rubuto muku takarda ta farko, shiru. Na rubuto ta biyu, na haɗa da shaidar mai gari da ta liman da takardar asibiti. Bayan mako uku wani direba ya kawo mini ƙunshi daga Gusau. Na buɗe da rawar jiki, ina zaton amsa ce. Littafin hotunanku ne, mai nauyi, takardarsa na ƙyalli, da ɗan kati a ciki kuna gode mini a matsayin abokin aiki. Yayata tana tsakiya, ta cinye shafi biyu, rubutun yana nan ko wasali ba a taɓa ba. Ko dai ba wanda ya karanta takarduna a ofishinku, ko an karanta aka ga wannan ce amsar da ta dace da mu. Zaɓi wadda ta fi maka daɗi, ni duka biyun sun gaya mini ko ku su wane ne.

Na kuma ji an ce hoton ya samo wa ma'aikacinku lambar yabo a ƙasar waje. Ina taya shi murna. Ba kowa ne ke iya mai da barkono zinariya ba.

Kun ce kun zo ku ba marasa murya murya. Muna da murya, ranka ya daɗe. Da ita na yi wa mutuminku bayani da harshe biyu. Kunne ne babu. Kun riga kun rubuta labarin garinmu tun kuna Abuja, fuskokin da za ku liƙa masa kawai kuka zo nema. Mahauci ma idan zai sayi dabba yakan tambayi mai ita.

Ga abin da nake nema, kuma ba alfarma nake roƙo ba:

Na ɗaya, ku sauke hoton nan daga duk inda kuka rataye shi, ku cire shi daga shafinku na intanet, ku dakatar da raba littafin.

Na biyu, ku fito ku ce kun yi ƙarya. Ban ce kuskure ba, ƙarya. Ku faɗe ta da Hausa, a rediyo, inda mutanen Katuru da Jangeru da Zurmi za su ji, ba da ƙananan haruffan Turanci a ƙasan wani shafi ba.

Na uku, shi wanda ya ɗauki hoton ya zo da ƙafarsa tashar mota ta Kaura da ta Shinkafi, ya tsaya gaban direbobi da fasinjoji, ya faɗi inda Lawali ya je a ranar, da wanda ya kai shi Kaura. Ya san hanya. Wannan karon ya bar kyamara a gida.

Na huɗu, ku kai Lawali wurin likitan ƙashi na gaske a duba ko akwai sauran abin yi a hannun nan.

Na biyar, duk garin da za ku ƙara tura mutum, ku sa ya karanta wa kowa abin da zai rubuta a ƙarƙashin fuskarsa, da harshen da mai fuskar ke ji, kafin ya bar garin.

Idan kun yi, mun gode. Idan ba ku yi ba, ba ni da lauya, ba ni da kowa a Abuja, sai alƙalami da sauran numfashi, kuma zan yi ta amfani da su.

Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya tsare maka iyayenka da 'ya'yanka daga bakin duniya. Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara, ko da hakan zai rage muku abin ɗauka. Ranar da za a miƙa wa kowa littafinsa, mu da ku, Allah ya sa a karanta wa kowa abin da ya aikata daidai, ba ƙari, ba ragi, ba a yanke komai daga gefe ba. Ni dai wannan addu'a ba ta ba ni tsoro. Ina fatan kai ma za ka iya cewa amin.

Wassalam.

Naka,
Malam Garba,
Tsohon hedimasta, kawun Lawali,
Birnin Tsaba, ƙasar Zurmi.