Dutsen Murhun Haboba Ma'u

Assalamu alaikum Inna Maryamu. Don Allah ki agaza mini da shawara, kaina ya ɗaure. Mutanen gidanmu dariya suke yi idan na ɗauko maganar, wai mace da furfurarta tana kuka a kan dutse.

A zuriyarmu, duk ɗiyar da za a kai ɗakin miji, uwarta kan cire dutse ɗaya daga murhunta ta sa mata cikin kaya. Amarya ta nemo biyu a garin mijinta ta haɗa, uwar kuma ta cike gurbin da wani. Kakata, da muke kira Haboba Ma'u (haboba kaka ke nan a Larabcin nan ƙasar), ita ta zo da al'adar. Tana amarya suka taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, da dutsen uwarta a kan jaki. An ce kakanmu ya yi mita tun daga Barno har bakin Nilu, wai mutane na ɗaukar hatsi, matarsa na ɗaukar duwatsu. Allah bai nufe su da Makka ba. Suka yada zango a wani ƙauye kusa da Abu Na'ama, zangon ya zama gida.

A gindin murhun nan na girma. Har ta koma ga Allah Haboba ba ta yarda kisra, wainar dawar mutanen nan, abinci ce ba, sai tuwon dawa da miyar kuka, da daddawar da take yi da hannunta. Idan ta gama tuƙi sai ta buga muciya a kan dutsen, duk inda muke wasa mun san an sauke. Har yau idan na ji ƙaurin tuwo sai in tuna da ita.

Bayan rasuwarta kogi ya cinye gefen ƙauyen, mutane suka koma tudu, ƙasa ta rufe kufan. Ni kuma aure ya kawo ni Wad Haddad, da dutsen da mahaifiyata ta ba ni. Da yaƙin nan ya iso mana muka gudu da kayan jikinmu. Muka dawo muka tarar an rushe madafata. Na tona ɓaraguzai har farcena ya karye, ban ga dutsena ba. Wanda nake girki a kai yanzu a bakin gona na tsinto shi.

To, akwai Ruqaya, ɗiyar ƙanena Jibirin, tana karatun binciken rayuwar mutanen da a jami'a. Bana ta zo da malamanta suna tona kufan nan, wai suna son sanin yadda kakanninmu suka zauna farkon zuwansu. Ta ɗauke ni in nuna musu inda ɗakuna suke. Suna ta share ƙasa da ɗan buroshi a hankali, kamar masu yi wa jariri wanka, sai ga dutsen murhun Haboba. Jan dutse, da tsaguwar nan a gefe inda muciya ta ci. Wallahi na zauna a ƙasa ina kuka a gaban baƙi.

Ga inda matsalar take. Hindu, ɗiyata mace tilo, za a ɗaura mata aure bayan an yanke dawa. Na ce wa Ruqaya ta ba ni dutsen in sa mata a kaya. Ta ce ba zai yiwu ba. Wai sun kewaye wurin da igiya, kuma yadda duwatsun ke zaune da tokar da ke ƙarƙashinsu su ne ke ba su labari, idan an ɗaga ɗaya labarin ya lalace. Har da maganar doka. Raina ya ɓaci, na ce mata na kakata ne tun kafin a haifi malaman nata. Yarinyar ta yi hawaye, ta ce ita ma ai jinin Haboba ce. Tun ranar gaisuwarmu ta zama ta nesa. Jibirin ya goyi bayan ɗiyarsa, ya ce Hindu a Sinnar za ta zauna, da butagaz, wato murhun gas, za ta yi girki, dutsen bayan ƙofa zai ƙare.

Zuciyata na raya mini in je ranar Juma'a, da ba sa aiki, in ɗauko abina. Ban taɓa ɗaukar abin wani ba, kuma wannan ban ga na wani ba ne. Amma ina tsoron in rasa Ruqaya. Ina kuma tsoron a ce a hannuna abin nan ya yanke. Ya zan yi?

Uwar Amarya, Wad Haddad

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ni ban yi dariya ba. Wanda ya bar gida da kayan jikinsa ya san abin da ƙaramin abu ke iya riƙewa, kuma kukanki na kewar mutane ne, ba na dutse ba.

Amma zancen Juma'ar nan, ki cire shi daga ranki. Idan dutsen ya ɓace, Ruqaya za a fara tambaya, domin ita ta kawo ki wurin. Kina iya ɓata mata sunan da ta daɗe tana ginawa, ki kuma jawo wa kanki magana da hukuma ana dab da biki. Kayan aure ba sa kyau da abin da aka ɗauko a ɓoye.

Ki kuma yi wa yarinyar adalci. Ba don ita ba, da murhun yana nan binne, ke ma ba za ki sake ganinsa ba. Ku biyun abu ɗaya kuke so, kada a manta da Haboba. Ke kina so a riƙe ta a madafa, ita tana so a riƙe ta a tarihi. Jibirin kuwa ya yi gaggawa. Ba shi zai ce Hindu ba ta bukata ba, ku tambayi Hindun.

Ki kira Ruqaya ki ba ta haƙuri, girmanki ba zai ragu ba. Sannan ta raka ki wurin shugaban aikin, ki ba shi labarin al'adar kamar yadda kika ba ni, har da mitar kakanku. Masu irin wannan bincike ba ƙasa kaɗai suke tona ba, bakin tsofaffi ma suna nema, kuma babu tokar da za ta gaya musu abin da kika sani. Ki tambaye shi kai tsaye ko za a iya ba ki dutsen bayan sun gama aune-aune da hotuna. Ban yi miki alkawari ba, domin dokar kayan tarihi ba a hannunsa kaɗai take ba. Ko sun ƙi, ki nemi a rubuta sunan Ma'u a kan murhun, ki kuma kai Hindu ta gan shi da idonta kafin ta tare.

Idan ba a ba ki ba, kada ki ce abin ya yanke. Al'adarku ta ce dutse daga murhun uwa, kuma uwar Hindu ke ce. Wanda kika tsinto a bakin gona, kika ciyar da iyalinki a kansa ranar da ba ku da komai, shi za ki wanke ki sa mata a kaya. Wata rana jikokinki za su ce wannan na Habobarmu ne, wadda ta dawo daga gudun hijira ta sake hura wuta.

Allah ya sa albarka a auren Hindu, ya daidaita tsakaninki da Ruqaya, ya jiƙan Haboba Ma'u.

Taki,
Inna Maryamu