Kunnen Dorina

Alhamis, 25 ga Afrilu
Na iso garinmu Vaslui daga Italiya, ƙafafu a kumbure. Kai, Dorina ta yi tsawo! Ta tsaya bakin ƙofa, hannu a baya, sai da na jawo ta jikina. Mama ta ce, "'Yarki cuminte ce, ko tarinta ba a ji." Har wani fankama na yi. Da kalmar nan, wato mai ladabi, nake rufe kowace waya tun tana aji ɗaya: ki zama cuminte, ki ji magana, kada ki wahalar da kaka.

Lahadi, 28 ga Afrilu
Ista. Muna wasan gwara jajayen ƙwai, Gwaggo Aglaia ta miƙo nata ta gefen daman Dorina: "Ke sarkin shiru, kawo naki in fasa." Ko motsi. Sai da ta zagayo gabanta. Na lura duk mai magana kunnen hagu take juya masa. Tun yaushe? Ni fuska kawai nake gani a waya.

Talata, 30 ga Afrilu
Likita ya ce kunnen dama ya daɗe yana ruwa, bai san ko jin zai dawo ba. "Ina kike, baiwar Allah?" Ina nake? Ina can ina yi wa uwar wasu wanka.
A hanya na ce me ya hana ta faɗa. Ta ce, "Ke kika ce in na zama cuminte za ki dawo da wuri. Nakan juya matashin kai kada kaka ta ga tabon ruwan."
Ban tuna ranar ba. Amma na faɗa, bakina ne. Na tsani kaina.

Laraba, 1 ga Mayu
Ta sha magani, ta ce na gode. Gara ta mare ni.

Asabar, 4 ga Mayu
Motar Italiya ta wuce babu ni. Na ce wa masu gidan da nake aiki sai an gama jinya. Haka na ce wa Mama ma.
Ɗazu ina ɗiga mata magani ta ƙwala ihu, ta doke hannuna. "Da zafi! Ba na so! Muguwa kawai, ki koma can!" Mama ta leƙo: "Haba Dorina, ki zama..." Na ce, "Mama, ƙyale ta." Ta yi ta kuka har maƙwabta suka ji, tana riƙe da rigata.
Akwatin tafiyata na tura shi ƙarƙashin gado. Yana tare hanya ne kawai.