Rijiyar Baba ta Bauranya

Zuwa ga Binta,

Bayan gaisuwa da addu'a. Na san babu masinjan da zai kai miki wannan takarda, amma hannuna ya saba da rubutu, bakina kuwa bai taɓa faɗa miki magana ba sai rabi.

Gida lafiya. Gero ya yi kyau bana. 'Yarmu Ladi ta fara rarrafe, tana Bauranya wurin Innarki tun ranar da kika bar ta.

Kin tuna kwalaben da Likita Bature ya raba mana, mu malaman tsafta na En'e? Kikan yi mini dariya idan ina tafasa su kamar abin miya. Rijiyar kasuwar Kankia, tabkin Kusada, kududdufin marina, kowanne na ɗiba, na manna masa suna, na aika Kano a gwada. A littafina babu layin ƙarya sai ɗaya.

Rijiyar gidanku ce. Sau uku ina zuwa da kwalba a aljihu. Na ga inda wani mai fatu yake zubar da ruwan maganin da yake tsoma ƙirgi, taku kaɗan daga bakinta. To, ta yaya zan zura kwalba a rijiyar da surukina ya haƙa da hannunsa, ni da ko ido ba na iya haɗawa da shi? Na sha ruwan da aka miƙo mini a ƙoƙo, na yi godiya, na tafi. Na rubuta cewa mai kyau ce.

Sai kika tafi gida wankan jego. Ruwan rijiyar kika sha, da shi aka dama miki kunu, har amai da ciwon cikin nan suka kwantar da ke.

Sai watan jiya na iya ɗiba, shi ma sai da Babanki ya tafi gona. Amsa ta iso shekaranjiya. Akwai guba. Likita ya ce ba zai rantse ita ta kashe ki ba. Na san kwana ne ya ƙare. Amma da na cika kwalbar tun farko fa, Binta? Da yanzu wa ke goyon Ladi?

Da ruwan nan ake dama mata koko har yau. Gobe da sassafe zan hau keke, na ɗaure murfin rijiya da kwaɗon kulle ta a baya. Zan durƙusa gaban Baba, in buɗe masa littafin, in karanta layin da na rubuta. Wannan karon zan ɗaga kai.

Allah ya jiƙan ki, ya sanyaya makwancinki. Ki yafe mini.

Mijinki da ya makara,
Sule