Ku Bar Mini Ɗakin Baba

As-Sulai, Riyad
9 ga Maris, 2016

Ƙanena Tamimu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Jamilatu da yara, Allah ya ƙara wa Inna Hajjo sauƙin ƙafa. Ni ma lafiya, irin ta mutumin da ya ba sittin baya yana gadin sito a ƙasar wasu.

Harouna direba ya iso daga Gusau ya ba ni saƙonka. Ya ce bayan salla za ka rushe ɗakin Baba na ƙasa, ka zuba mini ginin dekin mai rufin kankare, don kada babban ɗan gida ya dawo ya kwana ƙarƙashin kwano. Na san girmama ni kake yi. Amma ina roƙonka ka dakatar da magina, ka ji abin da na ɓoye muku shekara shida.

Kun san ina Haiti aikin kiyaye zaman lafiya lokacin girgizar ƙasa, kun yi sadaka da na dawo da rai. Ba ku san sauran ba. Kwana tara muna tonon wata makaranta da shebur da hannu. Rufin kankare ne ya sauko wa ɗalibai gaba ɗaya. Kwana uku na farko muna jin muryoyi a ƙasa, daga nan sai shiru. Ban ajiye aikin ɗan sanda don a yi mini rashin adalci ba, kamar yadda na ce muku. Na wayi gari ne ba na iya jin tausayin kowa, ko kukan wa aka kawo ofis.

Tun daga lokacin ba na iya zama ƙarƙashin kankare. Kafilina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, ya ga takarduna, ya ce in koma ofis mai sanyi, na ce ya bar ni a bakin ƙofa. Har yau yana mini kallon mai taɓin hankali. Ranar Juma'a a unguwar Batha kan kwali nake salla a wajen masallaci, cikin rana. Wani dattijo ya taɓa jan hannuna zuwa sahun farko, yana cewa mai furfura ba ya tsayawa a baya. Ban kai raka'a ta biyu ba na sallame na fita.

Bara da ƙasa ta girgiza a Nefal, wani mai lodi a sitonmu, ɗan can, ya rasa 'ya'ya biyu. Ya ji labarina, ya zo yana tambayata me ya sa aka ɗauke su aka bar mu. Duk karatun da Baba ya sayar da gona ya yi mini, shayi kawai na iya zuba masa.

Tamimu, na gaji. Iƙamata, takardar izinin zamana a nan, za ta ƙare a Shawwal, ba na son sabuntawa. Ina kewar ƙarar ruwan sama a kan kwanon nan, da ƙanshin jiƙaƙƙen bango, da muryar Inna tana faɗa da awaki. Idan ka zuba dekin, zan zo in gan shi, in yi maka godiya, in kwana a tsakar gida har a fara yi da ni a unguwa. Ka yaɓe ɗakin kawai, ka sauya kwanon da ya huje.

Ka gaida Inna, amma kada ka karanta mata tsakiyar takardar nan. Ka gaida Jamilatu, da Sabuwa, da Kamil. Harouna ne zai kawo maka takardar nan, ka ba shi amsa kafin ya juyo, domin ita nake jira in san ko in yanki tikiti.

Yayanka,
Ɗalhatu