Abin da Kika Faɗa a Ƙarshen Kaset

Zuwa ga hasken idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan sanyin da na sha shekara talatin da ɗaya ban ƙoshi ba, uwar 'ya'yana. Allah ya kai haske kabarinki.

Albishirinki! Babbar 'yarmu ta sauka lafiya shekaranjiya, bayan shekara goma sha ɗaya tana jira. Mace ce. Na ɗauke ta ina dariya, ina zagaya ɗakin da ita, har nas ta ce, "Baba, zauna kafin ka yar mana da ita." Kunnuwanki ne da ita sak. Amma da na dawo gida, falon ya yi mini faɗi. Wa zan gaya wa? Shi ya sa na ɗauko biro. Kin tafi kafin in gama ajin yamma, ba ki taɓa ganin rubutuna ba.

Abar ƙaunata, akwai abin da na ɓoye wa kowa: muryarki ta fara ɓace mini. Fuskarki tana nan kamar hantsi, amma in na nemi yadda kike kirana, sai in ji shiru. Kaset ɗaya ne ya rage, wanda na ɗauke ki a ciki ranar da na sayo amfilifayar nan, na'urar ƙara sauti mai ƙwayayen gilashi huɗu, wadda kike cewa murhu na kawo falo. Bayan rasuwarki na cire manyan sifikokinta na kai ɗakin ajiya, don zuciyata ba ta ɗaukar sauti. Wata rana na kunna ta ita kaɗai, in ga jan ƙwayayen kawai. Sai ƙauri. Mai gyaran rediyo ya ce, "Tsoho, irin wannan ba a kunna ta ba sifika. In ba ta sami inda za ta zuba ƙarfinta ba, cikinta take ci." Ban gaya masa na san wannan ciwon ba.

Ya naɗa mata sabuwar waya. Ɗanmu ya kawo ƙananan sifikoki na zamani, masu cin ƙarfi, ita kuwa ƙarfinta kaɗan ne. Da na sa kaset ɗin, sai kika fito siririya, kamar baƙuwa a bayan ƙofa. Tsoro ya kama ni. Ko dama haka kike, ni ne na manta?

Jiya da safe na jawo tsofaffin sifikokin, na goge su, na ɗaura wayarsu a wurin da aka rubuta takwas, daidai da lambar da ke bayansu. Na jira ƙwayayen suka yi ja. Sai ga ki, tsakanin taga da kujerarki, har da numfashinki. Kina cewa, "Maigida, ina da magana." Sai muryata, ta matashi mai gaggawa: "Dakata, ina gwaji." A ƙananan sifikokin, shuu kawai ke biyo baya. Kina raye kuwa ban taɓa sake sa kaset ɗin ba. Me zan yi da shi, ga ki a gabana? Jiya na ji sauran, can ƙasa-ƙasa: "To, gama. Ni da wanda ke cikina muna jira."

Sai bayan mako guda da wannan ranar kika sake gaya mini kina da juna biyu, ya sanyin raina, kuma ba ki taɓa cewa kin riga kin faɗa ba. Magana nawa kika yi a hankali ina sunkuye kan wayoyi? Su babu kaset ɗinsu. Ki yafe mini. Na ƙure sautin, na mayar baya sau bakwai, ko za ki ƙara kalma ɗaya. Ba ki ƙara ba.

Kujerarki tana nan, ba wadda za ta zauna a kai. Na gama gwajin, masoyiyata. Ina saurare.

Naki har ranar da za a kwantar da ni,
mijinki, wanda yau ake kira Kaka.