Bedin ƙofar gidan Malam Isa tela

Zuwa ga jami'in da ya sa hannu a takardar sare bedin ƙofar gidanmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka, ina neman afuwa da na rubuto maka a bainar jama'a. Sau huɗu ina zuwa biro, wato ofishinku, ana ce mini ka fita, sa hannun da ke takardar kuma ba ya karantuwa, don haka ko sunanka ban sani ba.

Sunana Hadiza, malamar lakwal ce ni, wato makarantar boko, a nan Matameye, ɗiyar marigayi Malam Isa tela.

Na ɗaya. Bedin nan, wanda wasu ke kira dogon yaro, Baba ne ya dasa shi tun kafin a haife ni, a ƙarƙashinsa ya yi ɗinki har ƙarfinsa ya ƙare. Shekaru shida da suka wuce wani reshe ya kwanto a kan katangarmu. Maƙwabta suka ce ya sare kawai, ya ce a'a, akwai doka. Sati uku yana zarya kafin a ba shi izinin reshe guda, kafin nan katangar ta tsage. Bai yi ƙorafi ba. Takardar izinin tana cikin akwatinsa har yau.

Na biyu. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, maganarsa ta yi nauyi. Kowace safiya ni da Inna mukan kamo shi mu zaunar da shi a inuwar bedin. Nan abokansa suke taruwa: Alhaji Mamman mai goro, da liman, da mutanen ƙauye masu wucewa kasuwa waɗanda ya taɓa yi wa ɗinki. Ba ya iya amsa musu sosai, amma yana jin hira, yana dariya, a cikinsu yake cin abinci.

Na uku. Wata Litinin, sati biyu bayan ƙaramar salla, muka ga an shafa jan fenti a gindin itacen. Babu wanda ya yi mana sallama. Ranar Laraba ina aji maƙwabciya ta zo ta kira ni. Na tarar da mutum uku da injin yanka, Baba kuma yana zaune a wurinsa ya ƙi a ɗaga shi. Na roƙe su su dakata zuwa gobe. Babbansu ya nuna mini takardarka, ya ce za a haƙa kanibo, wato magudanar ruwa, saboda ruwan damina, shi aiko shi aka yi. Da tabarmarsa aka ɗauke Baba zuwa zaure. Yana ta son ya faɗi wani abu, kalma ɗaya kawai na gane: "Takardata." Waccan ta reshen yake so in ɗauko in nuna musu.

Na huɗu. Ba a haƙa kanibo ba. Bayan wata guda aka sauke bulo, yanzu shaguna biyu ake ginawa a gefen kututturen, a kan hanyar da ruwa yake bi. Ruwan farko na bana cikin zaurenmu ya kwana.

Ranka ya daɗe, bayan saran nan Baba ya koma ɗaki. Zauren ƙarami ne, ga zafi, tsofaffi ba sa iya daɗewa a ciki. Suka riƙa leƙowa su gaishe shi a tsaye su wuce, daga baya leƙowar ma ta ragu. Ban ga laifinsu ba. Ya rage cin abinci, ya juya fuska bango. Ya rasu kafin babbar salla. Ban ce kai ka kashe shi ba, kwanansa ne ya ƙare, na yarda da haka. Amma watanninsa biyu na ƙarshe shi kaɗai ya yi su. Da aka zo zaman makoki, rumfar leda muka aro, mutane suka zauna a rana suna share gumi.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. A faɗa mana wanda aka ba wurin nan, da dalilin da aka rubuta kanibo aka gina shaguna. A dakatar da ginin har wanda ya san aikin ruwa ya zo ya duba. Kututturen ya fara toho, magina sun ce za su tone shi. A bar mana shi, ni zan kewaye shi da ƙaya in ba shi ruwa. Sannan duk lokacin da za a sare itace a ƙofar wani, a yi sallama tukuna, a tambayi wa yake zama a ƙarƙashinsa.

Allah Ya yi maka jagora a aikinka, Ya raya maka zuri'a, Ya ba ka tsufa mai kyau a tsakiyar mutane.

Wassalam.

Hadiza Isa,
Matameye.